Hasken Gautan Inna

Gautan gidanmu ba irin wanda ake tarawa a kasuwar Abu Hujar ba ne. Ƙanana ne, farare masu ratsin kore, ɗacinsu kuma sai ka haɗiye yake sakin maƙogwaro. Kakana na wajen uwa ne ya taho da irin daga yamma, sa'ad da ya fito a ƙasa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin wannan kogi ya zauna. Tun lokacin ake dasa shi a jarfinmu, wato gangaren da kogi ke bari da laka in ya janye bayan damina. Maƙwabta sun daɗe da komawa kan tumatir da albasa, don haka bayan rasuwar kakana babu mai shuka shi a ƙauyen sai Inna, mahaifiyata.

Shekara biyu a jere muka rasa shi. Ta farko kogi ya janye muka dasa, sai ya dawo ya shafe komai. Ta biyu farin ƙuda ya sauka a kan tsiron tun yana ganye biyu, ganyen ya nannaɗe, ko fure bai yi ba. Abin da ya rage wa Inna ɗan ƙulli ne a bakin tsumma, bai cika cokali ba. Ta ce iri in ya ga damina uku bai shiga ƙasa ba ya mutu, saboda haka bana za a zuba shi duka, in ya tafi ya tafi ke nan.

Ni sana'ata gyaran rediyo da waya, ina da rumfa a cikin kasuwa, kuma an san ni da abu biyu: hannuna yana da kyau, bakina ba shi da shi. Lokacin ne ƙwayayen fitila na LED suka fara cika shaguna, har ja da shuɗi masu ƙarfi ana samu. Na ce wa Inna ta ba ni irin in rene shi a ɗakin ajiya na bayan gida. In toshe taga, in rufe ƙofa, ƙuda bai gan shi ba, ruwan sama bai doke shi ba, har kogi ya janye da gaske.

"To rana fa?" ta ce. "Ka taɓa ganin abin da ya tsira cikin duhu in ba naman kaza ba?"

"Ni zan yi masa rana, Inna."

"Astagfirullah," ta ce, ta kawar da kai. Amma da yamma ta aiko matata da ƙullin.

Abin da na haɗa ba wani abin mamaki ba ne. Ƙwayaye ja da shuɗi jere a jikin sandar alminiyum, na rataye su bisa kwanonin tsiro. Batirin babbar mota a ƙasa, farantin sola a kan rufi. Wahalar tana tsakanin batir da ƙwayayen. LED halinta na tunkiya ne a rumbun dawa, in ka sake mata wuta za ta ci har ta fashe. Dole a sa mata mai awo wanda zai riƙa ba ta mudu ɗaya ba ƙari ba ragi, ko batir ya cika ya batse da tsakar rana, ko ya yi ƙasa da yamma. Mai awon nan ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku, muna ce masa munazzim, sai muƙawama guda a gefensa da ke gaya masa girman mudun. Rarar wutar da ya hana wucewa kuwa ba ta da wurin zuwa, zafi take komawa a jikinsa. Shi ya sa na ɗaure shi da kusoshi a kan murfin tsohuwar tukunyar alminiyum, don murfin ya riƙa kwashe zafin yana ba iska. Na ajiye shi a kan akwati kusa da ƙofa, na tara mutanen gida na ce duk wanda ya taɓa min shi, ni da shi ne.

Kusan rabin irin ya fito, wanda ya fi abin da na yi zato ga iri mai wannan shekaru. Ranar da Inna ta leƙa ta ga ɗakin ya rine da wani haske mai kalar ruwan jar albasa, ga kawunan tsiro sun ɗago ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Kullum in kunna bayan sallar asuba, in ba su ruwa, in hau babur in tafi kasuwa, in dawo bayan la'asar, in kashe bayan magariba.

Sai tsiron ya fara tsawo. Da farko na yi murna, don tsawo ai girma ne a idon wanda bai sani ba. Amma wannan tsawo ne na yunwa. Karan ya yi siriri kamar zare, ya yi fari, ganyen ya ƙi faɗi. Abin da ya fi ɗaure min kai, duka sun karkata zuwa ƙofa, inda ɗan hasken tsakar gida ke shigowa ta ƙasa. Ga fitila a bisa kansu tana ci kamar za ta yi magana, su kuma sun juya mata baya.

Na ɗauko mita na auna wutar da ke shiga ƙwayayen da safe, daidai take. Na auna da yamma, daidai take, ko gezau. Na ce watakila fitilar ta yi nisa, na sauko da ita har ta kusa taɓa ganye. Na bi duk inda na liƙa da dalma na sake narkawa, don liƙin da bai kama ba yakan yi wasa da mutum. Na cire muƙawamar na sa wata. Na zargi batir, na je na ari na wani maƙwabci mai babbar mota, ya ba ni yana tambaya ko gaskiya ne na koma noma a cikin ɗaki. Na ce masa eh, baɗi ma shanu zan yi kiwo a cikin randa.

Ranar Juma'a ba na fita kasuwa, sai na shiga ɗakin na zauna da mita a cinya tun hantsi, ban fita ba sai don masallaci. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Fitilar ba ta ko ƙifta ba, murfin tukunyar da ɗumi kawai, irin wanda za ka iya ɗora tafin hannu ka bari. Na fito ina huci. Duk mai gyara ya san wannan azaba: abin da ya lalace gaba ɗaya abokinka ne, wanda ke lafiya in kana kallo shi ne maƙiyi.

Daga nan suka fara kwanciya. Ka shigo da yamma ka tarar biyu ko uku sun karye a gindi sun kwanta a kan ƙasa, ba mai tada su. Inna kuwa kullum tana tsaye a bayana in na buɗe ƙofa.

"Nawa sunka kwanta yau?"

"Kaɗan ne."

"Jiya ma kaɗan ka ce."

"Inna, don Allah a bar ni in yi tunani!"

Sai ta koma rumfar tsakar gida ta zauna da carbinta. Ba ta taɓa ce min ni na karɓi irin da bakina ba, kuma da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Abin da ya tsallake hamada a ƙullin tsoho, ya ci shekaru a hannun mace ɗaya, shi ne zai zo ya ƙare a kwanon sardin a ƙarƙashin wayoyina.

Wata yamma na durƙusa kusa da akwatin sai hancina ya kamo ƙaurin roba. Na duba da kyau, na ga rigar wata waya da ke kusa da munazzim ta motse ta yi baƙi. Wannan ba aikin ɗumi ba ne, wuta ce ta gasa ta. Amma na taɓa murfin, lafiya lau. Na yanke hukunci cewa munazzim ɗin jabu ne, irin wanda ake goge lambar wani a buga masa ta wani. A nan kusa babu inda zan sami na kirki, sai birnin Wad Madani. Na bar wa matata kunnawa da kashewa, na nuna mata maɓalli ɗaya tak, na hau bas.

Tafiyar nan ta ci min wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, hanya duk taɓo. Na zaga layin masu kayan lantarki ina sa a fito min da na cikin leda, na yi faɗa da wani mai shago da ya ce min duka ɗaya ne. Na dawo da aljihu cike da munazzim, zuciyata ta ɗan kwanta. Na buɗe ɗakin. Fiye da rabin abin da na bari a tsaye ya kwanta, wani kwano ma babu ko ɗaya a tsaye. Kwana biyun da ba na nan sun fi duk na baya ɓarna.

Na cire tsohon na liƙa sabo a daren nan kafin isha, na auna, daidai. Kashegari da yamma na tarar wasu sun sake kwanciya, rigar sabuwar wayar ma ta fara motsewa.

Na tsaya a tsakar gida ina tunanin fito da su rana kawai, a yi ta ta ƙare. Amma tsiron da ya yi wannan laushi rana ɗaya za ta soye shi, ga kuɓewar bayan katanga in ka girgiza ta farin ƙuda ke tashi kamar gari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abinci ma na daina ci sosai, yaran gidan suka riƙa ratse min a hanya.

Da safe matata ta kawo min shayi, ta ajiye, ba ta tafi ba. Mace ce mai kawaici, ta shekara da shekaru a gidan nan ban taɓa jin muryarta ta hau ta Inna ba.

"Maigida," ta ce, "hasken nan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, da hantsi ya ɗaga sai ya riƙa ƙifta ido. Sa'an nan ya ɗauke, sai ya ga dama ya dawo kaɗan."

Na ajiye kofin. "Tun yaushe?"

"Tun da."

"Tun da, kika zuba min ido ina hauka har Madani? Wa ke shiga ɗakin?"

"Ni ban ce ana shiga ba." Ta sunkuyar da kai tana gyara faranti. "Ban kuma san ko shi ne mushkilar ba, ni mi na sani ga kahraba, wutar lantarkin nan taku? Amma in za ka dawo da azahar wata rana, ka bar babur a bakin masallaci."

Nan na gane. A gidanmu mutum ɗaya ne matata za ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta kai ƙararsa.

Ranar ban yi aikin kirki a rumfa ba. Rana na take tsaka na rufe, na taho, na jingine babur a inuwar masallaci na ƙarasa a ƙasa. An yi ruwa da daddare, ƙasa na fitar da tururi, gari ya yi tsit sai kukan kurciya. Na shiga ta ƙofar baya wajen turken awaki. Tun daga nesa na dubi ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, babu ja babu shuɗi.

Na tura ƙofar. Duhu ne, da wani zafi mai ƙauri. Da idona ya saba sai na ga akwatin. An kifa babbar ƙwarya a kansa, an ɗora mata dutse. Na ɗauke dutsen, na ɗaga ƙwaryar. A ƙarƙashinta zane ne mai kauri ninki huɗu, an lulluɓe murfin tukunyar da shi an cusa gefe-gefe da kyau, yadda ake yi wa tuwon mai dawowa daga gona. Na san zanen. Shi ne mayafin rediyon mahaifina, wanda Inna ta yi wa ado da zaren ulu da hannunta.

Na yaye shi, yatsana ya gogi murfin, sai da na yi tsalle. Na tsaya ina tsotsar yatsa ina kallo. Can fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta kama a dushe, sannan ta cika ɗakin. Munazzim ba jabu ba ne, ba na farkon ba, ba na biyun ba. An yi shi ne in zafi ya kai masa wuya ya ɗauke wuta don kar ya ƙone, kuma abin da yake yi ke nan kullum, a daidai lokacin da sola ke cika batir rarar wuta ta fi yawa. Zuciyata ta tafasa.

"Ka dawo da wuri," aka ce a bayana. Inna ce, da buta a hannu. "Ban ji babur ba."

"Inna, wa ya rufe wannan?"

"Ni. Mi anka yi?"

"Na ce kar a taɓa shi."

"Ai ban taɓa shi ba, ruhe shi na yi. Ƙasa na zuba daga ruhin ɗaki, ga ɓeraye, ga ƙura in an yi shara. Abu mai daraja ana barin shi tsirara? Rediyon ubanka shekara nawa ya yi bai ga mai gyara ba, ba don ina ruhe shi ba? Wanga kuwa shi ka ba gautan babana rana." Ta ajiye butar. "In na ji baburinka sai in ɗauke, don na san halinka, faɗa kaka nema. Halas, magana ta ƙare, ba ni zanen in maida."

Maganar da ke bakina a lokacin, da ta fito, da har yau ana ba da labarinta a ƙauyen. Na danne ta da haƙora. Amma shiru ma ba zai yiwu ba, don in na yi shiru gobe za ta sake rufewa, jibi kuma babu sauran abin da za a rene. Ina cikin neman ta inda zan faro, ta karɓe zanen daga hannuna ta miƙa hannu za ta shimfiɗa. Tafinta ya sauka a kan murfin. Ta janye da sauri.

"Mi ya sa shi zahi haka?"

"Numfashi yake yi ta murfin nan, Inna. In an rufe shi sai zafi ya taru, sai ya ɗauke wuta."

"In ya ɗauke wuta, fitilar fa?"

"Ta mutu."

"Ni in na ruhe tana ci nika barin ta."

"Sai kin fita kin ja ƙofa, ya ɗan jima, sannan."

Ta dubi fitilar, ta dubi ƙofar, ta dubi kwanonin. Na ga idonta na bin waɗanda suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, da sauran da suka miƙa wuya wajen ƙofa. 

"Cikin duhu sunka wuni ke nan," ta ce. "Kullum. Da ka tahi Madani ma ban ɗauke ba ko da yamma." Muryarta ta yi ƙasa. "Ashe ni ce."

Fushin nan duka ya zube min a ƙafa. Na ce ai ba haka ba ne gaba ɗaya, na farkon ma dama jabu ne, kuma ni ya kamata in sa masa fanka tun farko.

"Kar ka yi min ƙarya, yaro," ta ce. "Ban koya maka ba."

Ta ninke zanen a hankali, ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita. Butar ma a nan ta bar ta.

Da yammar ranar na ciro ɗan fanka daga wata matacciyar na'ura na ɗaura a gefen murfin, na yi masa rumfar raga mai tsayi saboda ƙasar rufi. Waɗanda suka rage a tsaye ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ma kamar ka hura su faɗi. Na tara musu ƙasa a gindi da bakin cokali, na rage ruwa. Kullum in na buɗe ƙofa sai na ja numfashi tukuna. Ɗaya ya ƙara kwanciya, sannan wani. Daga nan aka tsaya. Sabon ganye ya fito mai faɗi, kore shar, da ɗan gashi-gashi a bayansa, karan ya fara yin jiki.

Inna ba ta sake shiga ɗakin ba. Da hantsi sai ta ja tabarma ta shimfiɗa a gaban ƙofar, cikin wannan zafi, ta zauna tana kallon ɗan layin hasken da ke ƙasa har la'asar. Matata ta ce ko alwala Inna za ta yi sai ta kira ta ta tsaya a madadinta. Na ce wa Inna fanka na nan, ba abin da zai faru, ta koma inuwa. Ta ce ta ji.

Kogi ya janye, muka jira har muka tabbata ba zai dawo ba. Na fito da dashen zuwa rumfar tsakar gida ƙarƙashin raga suka saba da iska, sannan muka ɗora su a karo, amalanken jaki, Inna na zaune a gefe, matata na riƙe da kwanonin a cinya. A jarfi laka ta yi taushi, ta fara tsagewa a sama. Na yi ramuka. Na ciro na farko da ƙasarsa na miƙa wa Inna, don tun ina yaro ita ke sa na farko a ƙasa da bisimilla.

Hannayenta na cikin mayafi, ba ta fito da su ba.

"Ba matarka," ta ce.

"Inna, ni?" in ji matata. "Wallahi ban iya ba."

"Za ki iya. Hannuna ya gama da shi. Karɓi, ɗiyata."

Na ce Inna wannan wace irin magana ce, ga su nan da ransu, sun tsira. Ko kallona ba ta yi ba. Matata ta karɓa, ta durƙusa a laka. Inna na daga kan karo tana gaya mata: kar ki nutsa shi da yawa, danna gefen da babban yatsa, ki juya masa baya ga iska. Har aka gama ba ta sauko ba.

Sun yi, sun kuma yi 'ya'ya fiye da yadda muka roƙa. Inna ta ci gautan a shekarar, ta ce ɗacinsa na nan. Amma da aka bar manyan suka nuna don iri, matata ce ta fasa su, ta wanke, ta shanya, ta ƙulle, Inna na zaune nesa kaɗan tana faɗin yadda za a yi. Haka aka yi ta yi duk shekara har Allah ya karɓi abarsa. Na gyara abubuwa da yawa a rayuwata, kuma ba ni da daɗi in aka ce kuskuren nawa ne. Amma ranar da na ɗaga ƙwaryar nan, da za a ba ni zaɓi, da na so a ce laifin a dalmata yake.